Holancin Kawu Danko da Kalmar da Ke Shafi na Arba'in

Duk wanda ya taɓa bin hanyar masallacin Zandam da sassafe ya san Kawu Isiyaku ba ya gaida mutum sai ya yi kakari. Zai tsaya, ya dogara da sandarsa, ya ɗaga haɓa, ya tattaro wani sauti daga can ƙasan wuya kamar mai shirin tofar da majina, sannan ya saki: "Khudemorkhe." Wannan, in ji shi, shi ne "ina kwana" a harshen mutanen Holan. A rubuce da harafin g yake farawa, goedemorgen, amma wai su g ɗinsu ba a baki yake zaune ba, a maƙogwaro yake. Masu sayar da koko da sun hango shi sai su rufe ƙwarya. In ka miƙa masa abu ba zai ce ya gode ba, sai "dank u," kunnen mutanen garinmu kuwa ya ji "danko," sunan ya manne masa har kabari.

Ni ɗan ƙanwarsa ne, kuma ni ne sakataren wannan ƙungiya ta ci gaban Zandam tun ranar da aka kafa ta. Shugaba ya nemi in faɗi wani abu a kan marigayin, kuma zan faɗa. Sai dai ina roƙon waɗanda tun rasuwarsa suka fara cewa "ai mun san masani ne" su ɗan saurara. Littafin taro yana gabana. Sunayen waɗanda suka yi masa dariya suna ciki, da hannuna na rubuta, kuma da yawansu suna zaune a layin gaba.

Asalin abin ba ɓoyayye ba ne. Yana saurayi Kawu ya yi wa wani Bature ɗan Holan aikin kuku a Birnin Kudu, lokacin da ake haƙa rijiyoyin burtsatse a wannan yanki. Matar Baturen ba 'yar ƙasarsu ba ce, tana koyon harshen mijinta daga wani littafin masu farawa, tana karantawa da ƙarfi a bakin kicin. Ita ba ta iya ba, mai yanka mata albasa ya iya. Da za su tafi ta bar masa littafin. Wani in an bar masa gado sai ya sayi gona. Kawu aka bar masa harshen da babu mai jin sa daga nan har Kano, ya kuma ɗauki alwashin sai mutanen ƙasarmu ta Gwaram sun ci moriyarsa ko suna so ko ba sa so.

Na fara da lafiyar jama'a. An taɓa kawo mana wani sabon malamin asibiti, mutum mai himma. Kwana uku Kawu yana gaishe shi da safe. A rana ta huɗu malamin ya tare shi da ƙaramar kwalba.

"Baba, ka ɗan tofa mini a nan. Wata nawa kana wannan tarin?"

"Ba tari ba ne, ɗan nan. Gaisuwa ce."

"Da jini yake fita?"

"Da nahawu yake fita."

Sai da Dagaci ya sa baki kafin malamin ya janye takardar tura shi gwajin tarin fuka. Kawu kuwa ya riƙe kwalbar, yana zuba kwalli a ciki, domin a rayuwarsa bai taɓa mayar da abin da aka ba shi kyauta ba.

Sai maganar ajin da ya buɗe. Ƙungiya ta ba shi aron ɗakin taronta, ranar Asabar bayan la'asar, ba don kowa yana son Holanci ba, sai don an gaji da roƙonsa. Na halarta a matsayin mai sa ido. Ya tsaya gaban allo da alli a hannu ya ce kowane suna a wannan harshe sai an sa masa ɗaya daga cikin kalmomi biyu a gaba, ko de ko het. De na namiji da mace ne, het kuwa na abin da ba namiji ba ba mace ba. Ya rubuta de man, wato mutum. Ya rubuta de vrouw, wato mace. Ya rubuta het huis, wato gida. Har nan babu wanda ya yi gardama. Sai ya rubuta het meisje, ya ce ma'anarsa yarinya.

Hajiya Ladi ungozoma, wadda ta karɓi haihuwar rabin garin nan, ta ɗaga hannu.

"Malam Isiyaku, ka ce het na abin da ba namiji ba ba mace ba ne."

"Haka ne, Hajiya."

"To yarinyar fa?"

"Ƙa'ida ce. Duk kalmar da aka ƙanƙanta ta da je a ƙarshe, het take ɗauka."

"Shekara talatin ina wannan aiki, ban taɓa duba jaririya na ce sai ta girma za a gane ba. Ka ce da mutanen Holan su nemi ungozoma."

Ta yafa mayafinta ta fita, mata huɗu suka bi ta. Kawu bai ko juya ba. Ya wuce darasi na biyu, ya ce in Baholane zai ba ka dalili, aikatau yana komawa can ƙarshen magana. Ba zai ce "domin na sayi akuya a kasuwa jiya" ba, sai ya ce "domin ni jiya a kasuwa akuya sayi." Na tambaye shi ko mai sauraro zai zauna ne yana jira bai san sayen akuyar aka yi ko satar ta ba. Ya ce: "Shi ya sa ba sa katse wa mutum magana, Sakatare. Kai da an haife ka a can da ka koyi ladabi."

Ba ni da ƙorafi da za a ce abin ya tsaya a cikin aji. Bai tsaya ba. Kun tuna daminar da motar haya ta kafe a laka a hanyar Gwaram, ranar kasuwa, cike da buhunan dawa. Kawu yana tsaye a kan tudu, shi ne babba a wurin, shi ke ganin tayoyi. Direba ya leƙo ya ce: "Kawu, mu tura gaba?" Kawu ya ce: "Ja." A Holanci ja shi ne e, ko da yake su "ya" suke furtawa, Kawu ne ke faɗar ta yadda take a rubuce; nee kuma shi ne a'a. Majiya ƙarfi goma sha suka ji dattijo ya ce a ja, suka ɗaura igiya ta baya suka ja, motar ta koma cikin ramin da ta sha wahalar fitowa, ta zauna har ƙofa. Direba ya fito yana huci.

"Kawu, ba kai ka ce a ja ba?"

"Nee."

"Ka ji, ya ma amsa, ya ce shi ne."

Sai da aka sauke buhunan ɗaya bayan ɗaya. Kawu ya tsaya har aka gama, yana bayyana wa masu ɗaukar kaya cewa laifin ba nasa ba ne, na rashin zuwa aji ne.

Abin da ya fi ci mini rai a matsayina na mai kula da takardu shi ne maganar shekarunsa. Mutanen Holan, in ji shi, ba sa cewa ashirin da ɗaya, sai ɗaya da ashirin; ƙaramin ke shiga gaba, babban ya biyo. Da aka zo rajistar katin ɗan ƙasa, ma'aikacin ya tambayi shekarunsa. Kawu yana da saba'in da huɗu. Ya ce: "Huɗu da saba'in." Ma'aikacin, da layi a gabansa har bakin titi, ya rubuta huɗu, ya rubuta bakwai. Har Kawu ya koma ga Mahaliccinsa, a takardar hukuma, ni ɗan ƙanwarsa na girme shi da shekara tara. Na roƙe shi mu je a gyara. Ya ce katin bai dame shi ba, kuma daga yau in riƙa fara amsa gaisuwa tunda ni ne babba.

Mutum ɗaya ne ya taɓa goyon bayansa, shi ne Arɗo Buba na Farin Dutse. Kawu ya daina ce wa manya "ku," yana ce musu "kai," har aka kai ƙararsa wurin Dagaci. Hujjarsa ita ce a Holanci koe, da ake furtawa "ku," saniya ce, kuma shi ba zai dubi dattijo ya kira shi saniya ba. Kowa ya ɗauki wannan rainin hankali. Arɗo kuwa ya ce a maimaita masa. Da aka maimaita ya ce: "Wato kalmar da muke girmama mutum da ita, su saniya suke kira da ita? To waɗannan mutane sun san abin da ya kamata a girmama. Ni ka ci gaba da ce mini ku." Tun daga ranar duk sati sai an aiko wa Kawu da ƙwaryar nono.

Yanzu na zo kan abin da ya sa na ɗauko littafin taro.

A wani zama na wannan ƙungiya Kawu ya miƙe ya gabatar da ƙuduri. Ya ce akwai gari a ƙasar Holan mai suna Zandam, kuma babu shakka mutanenmu ne suka kafa shi, don haka a rubuta musu wasiƙar zumunci, shi zai fassara. An yi dariya har Ma'aji ya shaƙe da goro. Ni ban yi dariya ba. Na riga na duba taswirar makaranta ban ga garin ba, kuma na daɗe ina zargin cewa wannan kakarin nasa ba harshen kowa ba ne, shi ya ƙaga abinsa, tunda babu wanda zai kama shi. Don haka na rubuta a shafi na arba'in: "Malam Isiyaku ya gabatar da ƙarya iri biyu, cewa yana jin harshen Holan, da cewa akwai wani Zandam a can. Taro ya yi watsi da su, ya kuma karɓe ɗakin aji." A zama na gaba na karanta, aka amince, Shugaba ya sa hannu.

Kawu ya same ni a ƙofar gida bayan an tashi. Ban taɓa ganin sa ba ya wasa ba sai ranar.

"Habu, da ka rubuta shirme, da na yafe. Da ka rubuta hauka, da na yi dariya. Ƙarya ka rubuta. Ni na yi maka huɗuba a kunne ranar da aka haife ka, kai kuma ka rubuta ni maƙaryaci a littafin da zai fi mu daɗewa. Sai ka goge kalmar nan kafin in mutu."

Na ce masa ba a goge abin da taro ya amince da shi. Ya kawo hujja, a gabatar da ƙudurin gyara. Shekara goma sha tara muna kan haka. Duk inda muka haɗu, ko suna ko jana'iza, bayan ya yi kakarinsa sai ya ce: "Shafi na arba'in, Sakatare." Ni kuma in ce: "Hujja, Kawu."

Na san wani zai ce ai da an duba waya. An duba. Da wayoyi suka yawaita aka nuna mini garin, da harafin a guda biyu a tsakiya, Zaandam. Na ƙi karɓa, kuma har gobe ba na sa shaidar waya a littafin taro, domin wayar nan sau biyu tana sanar da rasuwar Dagaci yana zaune yana cin tuwo. Kuma ko da garin ya tabbata, wannan rabin magana ne. Saura ko Kawu yana jin harshen.

Bara aka ce wata likitar dabbobi 'yar Holan za ta zo Farin Dutse duba shanu tare da ma'aikatan rigakafi. Ba zan ɓoye niyyata ba. Ni na ɗauki hayar babur na kai Kawu, ba don in faranta masa ba, sai don a yi ta ta ƙare a gaban shaidu. Na tafi da littafin rubutu da biro biyu. Arɗo Buba ya shimfiɗa mana tabarma a inuwar tsamiya. Matar ta fito daga cikin garke, dattijuwa ce doguwa, takalmanta duk kashin shanu. Kawu ya miƙe da ƙyar, ya gyara hula, ya ɗaga haɓa, ya yi kakarin da ya fi kowane kakari da na taɓa ji.

Matar ta tsaya cak. Ta mayar masa da kakarin, irinsa sak.

Jama'a, na yi makaranta, na yi aikin gwamnati shekara talatin da biyar, amma ban taɓa jin kunya kamar ranar ba. Suka zauna suka kama. Shi ya kakara, ita ta kakara, ta yi dariya ta dafa ƙirji, ta goge ido da bayan hannu. Shanun Arɗo suka ɗago kai suna kallo. Da na tambaye ta da Turanci, ta ce nahawunsa ya fi na jikokinta, yana magana da ladabin mutanen da, irin na kakanta, kuma ta shekara ba ta ji wanda ya sa kowane aikatau a wurinsa haka ba.

Na tambayi garin. Ta ce akwai shi, kusa da babban birninsu, ƙanwarta ma can take aure. Amma sunan daga wani kogi ne mai suna Zaan da madatsar ruwan da aka yi masa, wato dam. Babu ruwansa da mutanen Gwaram. Na juya na fassara wa Kawu wannan da murya mai ƙarfi, don Arɗo ya ji.

"Dam ta ce? To mu ba mu san dam ba ne? Kalmar ma tamu ce."

"Nasu da a biyu ake rubutawa, Kawu."

"Sun ja wasalin ne, kuma su in sun ja suna rubutawa. Man mutum, maan wata. Mu ne malalata, muke rubuta gashin kai da gashin nama iri ɗaya. Baƙon wuri dole harshensa ya ɗan miƙe."

Na yi ƙoƙarin tsira da ko abu ɗaya. Akwai wata kalma da Kawu yake faɗa a wurin biki da naɗi, "potverdorie," yana cewa ma'anarta kamar madalla. Na tambayi matar. Ta ƙyalƙyale, ta ce wannan abin da mutum ke faɗa ne in ya buge yatsarsa da guduma. Na ce: "To ka ji, Kawu. Wannan kam ba ka san ma'anarta ba." Ya dube ni ya ce: "Na sani sarai. Ranar da aka zaɓe ka sakatare na fara faɗar ta."

Muka dawo, muka iso ƙofar gidansa. Ya sauka daga babur ya ce: "Shafi na arba'in." Na ce za a gabatar da ƙudurin gyara a zama na gaba, bisa ƙa'ida.

Ku kun san abin da ya biyo baya, domin ku ne ba ku zo ba. Zama na farko damina ta faɗi, mutum shida suka halarta, ƙa'ida tana son goma sha biyu. Zama na biyu ya faɗo ranar kasuwar Gwaram. Zama na uku aka ce ana girbi. Mutanen da suka cika ɗakin nan maƙil ranar da za a yi wa tsoho dariya, aka rasa goma sha biyu daga cikinsu ranar da za a wanke shi. Ban ce ni ba ni da laifi ba. Da na bi gida-gida da na tara ku. Ban bi ba, domin jinkirin bai yi mini ɗaci ba yadda ya kamata.

Ranar wata Talata da hantsi Inna Hauwa, matarsa, ta aiko cewa jikin ya yi tsanani, an dawo da shi daga asibitin Birnin Kudu. Na ɗauki littafin taro na tafi. Na same shi kwance, ya rame, littafin nan na matar Bature yana gefen matashinsa, bangonsa ɗinke da zaren buhu. Na zauna na buɗe shafi na arba'in. Ba na gogewa, ban kuma goge ba. Na ɗauki biro na ja layi ɗaya a kan kalmar, na rubuta a gefe: "An tabbatar yana jin harshen, an tabbatar akwai garin. Sakatare ne ya yi kuskure." Na sa hannu. Na karanta masa.

Ya ce: "Asalin mutanen fa?"

Na ce: "Wannan babu hujja, Kawu."

Ya yi murmushi. "Taurin kan nan na gidanmu ne, ba na gidan ubanka ba."

Na riga na tambayi likitar nan yadda ake neman gafara a harshensu, ta rubuta mini a takarda, na ajiye a aljihu wata biyar. Vergeef me, oom. Ka yafe mini, Kawu. Akwai g a tsakiyarta. Ni da na shekara goma sha tara ina cewa mutum mai mutunci ba ya yin wannan sauti a gaban jama'a, na ɗaga haɓa na yi. Inna Hauwa ta leƙo da kofin ruwa, ta ɗauka ƙwarewa na yi.

Kawu ya girgiza kai. "Ba haka ba ne. A baki ka yi shi. Daga ƙasa. Sake."

Na sake. Ya sa na sake sau huɗu, mutum yana kan gargara yana gyara mini furuci. A na huɗun ya rufe ido ya ce: "Ja." Wannan karon babu wanda ya ɗauko igiya. Da zan fita ya ɗaga yatsu biyu ya ce "dakh," wadda ya sha gaya mana ita ce sannu da zuwa, ita ce kuma sai an jima, kalma ɗaya. Ranar Alhamis muka kai shi.

Saboda haka, Shugaba, ina sanar da taro cewa na taɓa littafin ƙungiya ba tare da izinin zama ba, karo na farko tun da aka ba ni shi. Yau na ƙirga, mun kai ashirin da ɗaya, ko ɗaya da ashirin, yadda mai shi zai ce. Ina gabatar da ƙudurin a amince da gyaran shafi na arba'in. In taro ya ga a hukunta ni, a rubuta, ni zan rubuta.

Allah Ka jiƙan Kawu Isiyaku. Kai ne Ka halicci harsuna duka, babu wanda yake baƙo a wurinKa, ba sai an fassara Maka shi ba. Ka yafe masa, Ka yafe mana dariyar da muka yi masa, Ka sa littafinsa ya zo masa a hannun dama, babu kalma ko ɗaya a ciki da zai nemi a goge. Amin.